Zangon Kiɗa a Damagaram: Yadda Za Ka Shirya, Ka Zauna, Ka Ci Moriyarsa

A ƙasar Hausa, mai son kiɗa da gaske gidan maigida yake komawa. Ya ɗauki ganguna, ya share zaure, ya bi ayari wurin biki, ya daɗe yana amshi kafin a bar shi ya ja baiti ɗaya da bakinsa. Zangon kiɗa na kwana, irin wanda wata ƙungiya ko gidan matasa ko makaɗi mai yara kan shirya na mako ɗaya ko biyu, wannan tsohuwar hanyar ce aka taƙaita domin masu wata hidimar: ɗan makaranta mai hutu, tela, malamar asibiti, dattijon da ya ajiye aiki yana son ya koma wa gurmin da ya rataye tun yana saurayi. Wuri ɗaya ake kwana, a ci tare, a yi kiɗa safe da yamma.

Kada shekaru su hana ka. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker a nan jihar Damagaram, malamin makaranta ne kuma ya riga ya yi suna da gurmi lokacin da ya tashi a 2002 ya tafi yankin Tafkin Chadi, ya zauna wurin Bukar Tar ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Babban mutum ne ya koma ɗalibi a gidan wani.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga bayani. Darasi kana iya samunsa a waya kana kwance a ɗakinka. Abin da waya ba ta ba ka shi ne kiɗa tare da mutane, inda dole ka ji na kusa da kai, ka riƙe naka, ka shiga inda ya dace. Wannan za ka je nema, kuma duk shirin da ke ƙasa domin shi ne.

Da farko, binciki zangon kafin ka biya

Fara da lokaci. Babban hutun makarantu, daga Yuli zuwa Satumba, yana faɗawa cikin damina: gari ya yi sauƙi, amma ga sauro, ga laima mai sakin fatar ganga, kuma wanda ya fito daga Mirya ko Magarya ko Matamai yana da gona da ke jiransa. Ɗan hutun ƙarshen Disamba yana zuwa cikin hunturu, barci da daɗi, sai dai ƙura tana cin murya. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwa ke wuya a unguwanni, sanƙarau ke yawo inda ake kwana a cunkushe, ni ba na ba kowa shawarar ya kai yaro zango. Duba kalanda kuma ka ga inda azumi ya faɗa.

Sannan ka nemi mai shirya zangon, ido da ido in zai yiwu, ka yi masa tambayoyi ba tare da kunya ba. Wa zai koyar da abin da kai kake kaɗawa, kuma mutum nawa ne a hannunsa? Malamin kalangu ɗaya da ɗalibai talatin taro ne kawai, hannunka ba zai samu mai duba shi ba. Ina maza za su kwana, ina mata, kuma wane babba ne zai kwana tare da yara? Daga ina ruwan sha da na wanka ke zuwa, akwai tanadi in famfo ya ƙafe? Kowa a Zinder, wato garin Damagaram, ya san wannan ba tambayar wasa ba ce. Kuɗin da aka yanka, ya haɗa da abinci sau uku da aron kayan kiɗa, ko kuwa wurin kwana kawai? An sanar da mai unguwa da hukuma? Wane asibiti ne mafi kusa, wa ke da abin hawa da dare?

Mai gaskiya zai amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya ce maka "kai dai ka zo, komai an shirya" ba tare da ya nuna maka ɗakin kwana ba, ka dakata. In ka biya, karɓi takarda. In ta gidan aika kuɗi ka tura, ajiye rasit ɗin ka ɗauki hotonsa.

Maganar gida

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi kawo rigima. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma akwai gidajen da har yau ke ganin ɗansu da ganga a kafaɗa abin magana ne. In kai matashi ne a ƙarƙashin iyaye, ko ke matar aure ce, kada labarin ya isa gida ta bakin wani ko ta bidiyon WhatsApp. Ka zauna da su tun da wuri, ka faɗi wurin, da masu shiryawa, da irin waƙoƙin da za a koya, da ranar dawowa. Ka gayyace su wasan rufewa. Sau da yawa abin da uba ke tsoro shi ne kwanan waje da abokan banza, ba gangar ba. In ya ga tsarin yini, ya ji ana tsayar da kiɗa lokacin salla, ya yi magana da babban da ke kula da yara, zuciyarsa kan kwanta.

In kai ne uban ko ke ce uwar, rubuta wa masu zangon lambobin waya biyu, da duk wata larura da yaron ke da ita, kamar asma ko amosanin jini ko abincin da jikinsa ba ya karɓa. Duba katin rigakafinsa.

Zaɓi abu ɗaya

Za ka ga jita, ga fiyano, ga kalangu, ga goge, ranka zai biya da duka. Mai taɓa wannan ya taɓa wancan yakan dawo gida da labari kawai. Zaɓi abin kiɗa ɗaya, ka sa wa kanka buri ɗaya ƙarami wanda ake iya aunawa: in riƙe kiɗa ɗaya na minti biyar ba tare da na yi sauri ba, ko in canja yatsu tsakanin kamu uku na jita (kamu shi ne danne tsirkiyoyi da dama a tare) ba tare da na tsaya ba, ko in yi amshin waƙa biyu ba tare da na duba takarda ba.

Wata guda kafin tafiya, riƙa taɓa abin kiɗanka kullum, ko da minti ashirin ne. Dalilin na jiki ne. A zango za ka yi kiɗa na awanni, kuma yatsun da ba su yi kanta ba za su yi bororo tun kwana na biyu, ka ƙarasa mako kana kallon wasu. Mai busa ma haka, leɓe da kumatu suna bukatar sabo.

Gyaran kayan kiɗa

Nan zan daɗe, domin yanayin Damagaram ba ya raga wa fata da itace.

Mai kalangu ya duba fatun baki biyu a hasken rana, ya nemi inda ta fara tsagewa a gefe, ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta bushe ta yi fari, ita ce za ta tsinke ranar da ka matse hammata da ƙarfi. Kai wa mai haɗa ganguna tun da sauran mako biyu, saboda sabuwar fata tana bukatar kwanaki kafin muryarta ta zauna. Zinder gari ne na majema da dukawa, fata ba ta wuya, amma fatar jaka daban, ta ganga daban, don haka bar wa mai sana'ar ya zaɓa. Tafi da gula biyu. A damina fata kan sha laima ta saki, murya ta mutu: ka shanya ta a rana na ɗan lokaci, ko ka kara ta nesa-nesa da garwashi kana juyawa kana gwadawa da yatsa. Kada ka ɗora ta kan wuta, kada kuma ka tafi ka bar ta. A hunturu akasin haka ne, fata na ɗaurewa da kanta har ta fashe, sai a naɗe ganga cikin zane a ajiye ta a inuwa. Mai kotso ya tuna naken da ke tsakiyar fata yana narkewa a zafi.

Mai goge ko kukuma ya tanadi izga da ƙaro na ajiya, kuma ya hana kowa shafa izgar da hannu mai maiƙo, domin da zarar ta sha mai ba ta kama murya. Ƙoƙon goge da fatar da ke kansa ba sa jure matsi, saboda haka a mota kan cinyarka zai zauna.

Mai jita ya canja tsirkiya mako guda kafin tafiya, ba daren tafiya ba, don sababbi suna ta sakewa har sai sun miƙe. Ka riƙe cikakken saiti na ajiya, musamman siririyar tsirkiyar ƙasa, da ake kira Mi, wadda ta fi saurin tsinkewa. In doguwar tafiya ce, misali daga Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ɗan sassauta tsirkiyoyin, kuma ka roƙi yaran mota kada su cusa jitar ƙarƙashin buhuna ko su ɗaure ta a sama rana ta gasa ta. Mai fiyano na lantarki ya zo da wayar wutarsa da batura, domin ɗaukewar wuta ba ta sallama.

Mai busa, algaita ko sarewa, ya zo da nasa abin sawa a baki. Ba a musayarsa, ko da aboki ne.

In ba ka da abin kiɗa, tambayi ko akwai na aro, ka kuma duba shi a gaban mai shi ranar da aka ba ka, don kada tsohuwar tsaga ta zama taka ranar mayarwa.

Jakarka

Sange, tabarma ko ƴar katifa, bargo in hunturu ne, buta, gorar ruwa, fitila, sabulu, takalmin wanka, littafi da alƙalami, caja da batirin ajiya, maganin da ka saba sha, katin shaida, ƴan canji, kwaɗo ƙarami na kulle jaka, da kaya masu kyau guda ɗaya na ranar rufewa. Abin da ka manta, Kasuwar Dole na nan. Rubuta sunanka a jikin komai, har gula.

Ranar farko

Iso da rana, kada ka iso da dare. Gai da masu gida da malamai ɗaya bayan ɗaya, ka san mai dafa abinci da mai gadi, domin su za ka fi nema. Ajiye abin kiɗanka nesa da taga da ƙofa.

Yawanci za a saurari kowa kaɗan don a raba rukuni. Faɗi matsayinka yadda yake: "Malam, ni sabon shiga ne, kiɗa biyu na sani, su ma hannuna bai zauna ba." Wanda ya cika baki aka kai shi rukunin gwanaye zai yi mako yana ɓoye hannu a bayan ƙarar wasu. Wanda kuma ya ƙasƙantar da kansa fiye da kima zai yi ta hamma. In bayan kwana biyu ka ga rukunin bai dace da kai ba, sami malam a keɓe ka faɗa masa.

Yadda ake koyo a ciki

Malamin gargajiya ba ya yawan bayani, yi yake ka gani. Don haka zauna inda za ka ga hannunsa, ta gefen da ya dace da naka hannun. Kafin ka kai gula kan fata, tambaye shi abin da gangar ke faɗa. Kalangu maganar Hausa yake kwaikwaya, hawa da saukar murya, kuma kusan kowane take yana da kalmomi a ƙarƙashinsa. In ka haddace kalmomin ka iya faɗinsu da baki kana tafa hannu, rabin aikin ya ƙare. Abin da bakinka bai iya ba, hannunka ba zai iya ba.

Yi a hankali, fiye da yadda ranka ke so. Sauri shi ne ciwon sabon makaɗi: yana jin daɗi sai ya fara gudu bai sani ba. Akwai manhajojin waya masu ƙwanƙwasa lokaci daidai, ka yi amfani da su a lokacin da kake kai kaɗai, amma a cikin rukuni kunnenka ya koma kan mutane.

In an ba ka ƙaramin aiki, ɗan karɓi ko caki ko tafi ko amshi, kada ka raina. Shi ne kamar murhu a ƙarƙashin tukunya: ba wanda ke yaba shi, amma in dutse ɗaya ya goce komai ya zube. Mai riƙe ƙaramin kiɗa ba tare da ya motsa ba shi ne wanda kowane maigida ke nema, kuma daga nan ne kunne ke buɗewa ka fara jin yadda sassan kiɗa ke shiga juna. In ka ɓata a tsakiya, kada ka tsaya kana ba da haƙuri ko kana dariya. Ɗaga hannu, saurari zagaye ɗaya, ka koma a kan gaɓa. Idonka kuma ya riƙa komawa kan jagora, saboda da kafaɗa ko gira yake sanar da tsayawa.

Inda ake haɗa kayan gargajiya da na zamani, akwai wata matsala da ke cin lokaci. Jita da fiyano an ɗaure su kan ma'auni ɗaya, inda muryar La ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa, da sunayen muryoyi Do, Re, Mi da aka saba da su a makarantunmu. Gurmi da goge kuwa makaɗi kan ɗaure su daidai da muryarsa, kuma yawancin waƙoƙinmu kan muryoyi biyar suke tafiya. Kafin a fara, a yanke shawarar wa zai bi wa. Sau da yawa ya fi sauƙi mai jita ya nemo inda gurmi yake, ya kuma rage yawan kamun da yake zubawa, don kada ya cika wurin da waƙar ta bari a buɗe da gangan.

Ɗauki sauti da waya, amma da izinin malam, kuma gajere: minti ɗaya ko biyu na abin da aka koya, a hankali sannan da saurinsa na ainihi. Sa masa suna nan take. Wanda ya ɗauki awa uku bai taɓa komawa ya saurara ba.

Babba da yaro a tabarma ɗaya

Zangon da ya haɗa kowane shekaru yana da wani abu da ba mu saba da shi ba: yaro ɗan shekara goma sha biyu daga gidan makaɗa zai iya fin mai furfura hannu nesa ba kusa ba, har malam ya ce ya nuna masa. Dattijo ya shirya wa wannan tun daga gida. In ka ɗaure fuska, yaron zai ji nauyi ya ce maka "ya yi, Baba" alhali bai yi ba, kai ne da asara. Ka sauƙaƙa masa da bakinka: "Ɗana, in na kauce ka tsayar da ni, abin da ya kawo ni ke nan." Yaro kuma ya san yadda ake gyara wa babba. Ba a cewa "kun ɓata". A ce, "Baba, ko mu sake daga farko tare?" ko "Inna, ga yadda Malam ya nuna mini."

Manya suna da nasu abin bayarwa. Su suka ji tsofaffin waƙoƙi a bakin masu su, su suka san wane kiɗa ne na mahauta, wane na manoma, wane na ƴan dambe, da inda bai kamata a kaɗa kowanne ba. Mata masu kiɗan ƙwarya da shantu sukan zo da waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka a waya ba. Matashi mai wayo zai zauna kusa da su bayan cin abinci.

Ladabin wuri

Kada ka ɗauki abin kiɗan wani ba da izini ba, kada ka tsallake shi in yana ƙasa. Da an kira salla, kiɗa ya tsaya, har da ɗan ƙwanƙwasa gwiwa. Maƙwabta ba su biya kuɗin zango ba, saboda haka a kiyaye lokacin da aka yi alkawari da mai unguwa.

Damagaram garin sarauta ne, kuma akwai kayan da ba na kowa ba. Kakaki da tambari na fada ne, suna da masu su da lokacinsu. In an shirya muku ziyara unguwar Birni wurin makaɗan fada, je da kunne: cire takalmi inda aka cire, kada ka miƙa hannu ga tambari, kada ka nemi a ba ka kakaki ka gwada don hoto. Taken sarki ba abin wasa ba ne a ɗakin kwana.

Hirar dare kuma, inda ake ɗora shayi wani ya jawo jita wani ya kife ƙwarya, tana da amfani ƙwarai, domin a nan mai kunya ke fara buɗe murya. Zauna, amma tashi bayan kofi na biyu. Shayi na uku da ƙarfe ɗaya na dare darasin safe yake ci.

Kula da jiki

Sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama ka, musamman mawaƙi. In murya ta dushe, maganinta shiru ne. Ruwan ɗumi da zuma da citta suna sanyaya maƙogwaro, amma ba za su gyara muryar da ake ci gaba da tilasta wa ba, kuma raɗa ma gajiyar da ita take. A hunturu rufe baki da hanci da rawani ko gyale in za ka fita da sassafe.

Kunne ba ya warkewa in ya lalace. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 (ma'aunin ƙara) na awa 8 a yini, kuma ganguna da algaita a cikin ɗaki rufaffe suna wuce haka. In ka kwanta kana jin kunnenka na ƙugi, ya sha fiye da ƙarfinsa. Nemi abin toshe kunne a kantin magani, kada ka zauna gaban lasifika, kuma a riƙa fitar da rukunin ganguna tsakar gida. Yara a nisanta su fiye da manya.

Zazzaɓi a damina kuwa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe: a je a yi gwaji ranar.

Wasan rufewa da abin da ke biye

Zaɓi abin da ka riƙe sosai, ko da mai sauƙi ne, ka bar sabon da ka koya jiya. Abubuwa biyu a daidaita su kafin ranar: yadda za a yi da kuɗin liƙi in baƙi sun yi, ko na malamai ne ko na asusun zango ko rabawa za a yi, da kuma maganar bidiyo. Ba kowa ne ke son fuskarsa a TikTok ko Facebook ba, musamman matan aure da yaran mutane, don haka a tambaya kafin a saka.

Yi wa malaminka sallama ta musamman, da ɗan abin goro gwargwadon hali, ka tambaye shi abu ɗaya da yake ganin ya kamata ka gyara cikin wata uku masu zuwa. Rubuta amsar. Wanda ya ji yana son ya zurfafa, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya a Yamai, wadda aka buɗe a 1989, tana kuma da tarin kayan kiɗan gargajiya na ƙasar nan.

Kafin kowa ya ɗauki jakarsa, nemi mutum biyu ko uku da kuke kusa, ƴan unguwar Zango ko Birni ko garinku, ku tsayar da rana ɗaya a mako da gidan da za ku riƙa haɗuwa, ku sa ranar farko cikin kwana goma. In ka isa gida, kwashe sautukan da ka ɗauka daga waya zuwa wani wuri na ajiya a makon farko, ka sassauta tsirkiyar da ta sha aiki, ka kuma kai wa mai gyara duk fatar da ta fara tsagewa.